Ina Sabon Batirin da Ake Ta Yi Mana Albishir da Shi?

Kusan duk wata sai an ga labari a intanet cewa masana a wata jami'a sun ƙirƙiro batirin da zai cika cikin minti biyar, ko wanda zai shekara ashirin bai mutu ba, ko wanda aka yi da gishiri. A yi ta tura shi a WhatsApp da Facebook, a yi ta mamaki, sannan shiru kake ji. Shekara ta zagayo, wayar hannunka har yanzu ba ta kai la'asar sai ka nemi caja, mai shagon sola kuma irin batirin bara yake nuna maka. Daga nan mutane suka rabu gida biyu: masu cewa labaran duk shaci-faɗi ne, da masu cewa manyan kamfanoni ne ke saye fasahar su ɓoye don kada kasuwarsu ta mutu. To ina gaskiyar take? Me ke hana abin da ya yi aiki a ɗakin gwaji isowa kasuwa?

Mafi yawan labaran suna da ƙamshin gaskiya, kuma babu wanda ya kulle fasahar a akwati. Abin da ba a ba mu labarinsa shi ne doguwar tafiyar da ke tsakanin ɗakin gwaji da kantin mai sayarwa. Domin mu gan ta a fili, bari mu bi sawun wani ayarin masana da gwamnatin Amurka ta tara musamman saboda wannan aiki, ta ba su kuɗi da shekara goma, mu ga abin da suka samo da abin da ya gagare su.

## Alkawarin biyar-biyar-biyar

A ƙarshen watan Nuwamba na 2012, sakataren makamashi na Amurka a lokacin, Steven Chu, ya sanar da kafa wata cibiyar haɗin gwiwa ta binciken adana lantarki wadda aka fi sani da JCESR. Hedikwatarta tana Argonne, wani katafaren wurin bincike na gwamnati da ke wajen birnin Shikago. An haɗa cibiyoyin binciken gwamnati biyar da jami'o'i biyar da abokan hulɗa masu zaman kansu huɗu, cikinsu har da Dow Chemical da Johnson Controls. Aka ware dala miliyan 120 na shekara biyar, aka ba wani masanin fiziks, George Crabtree, shugabanci.

Burin da suka shelanta ya yi daɗin ji: batir mai ɗaukar wuta ninki biyar na wanda ake da shi a lokacin, a kan kashi ɗaya cikin biyar na kuɗinsa, cikin shekara biyar. Ba gyaran batirin litiyam na cikin wayoyinmu aka ɗora musu ba, magajinsa aka ce su nemo. A 2018 aka sabunta musu wa'adi da wasu dala miliyan 120, aikin ya ƙare a 2023. Batirin ninki biyar bai shigo kasuwa ba, har yau ma bai shigo ba. Amma kafin a yanke musu hukunci, ya kamata a san abin da suka yi ta kokawa da shi.

## Abin da ke cikin batir, da abin da ake nema daga gare shi

Batir mai caji, na waya ne ko na mota, abu huɗu ne. Akwai katod, ɓangaren da bakanike ke kira fozitib. Akwai anod, wato nagetib. Akwai ruwan batir. Sai wani siririn shamaki mai ƙananan ƙofofi da ke hana ɓangarorin biyu taɓa juna. A batirin litiyam, katod garin sinadari ne mai ɗauke da litiyam haɗe da kobalt ko nikel ko baƙin ƙarfe, an shafa shi a kan fallen alminiyam. Anod kuma galibi girafayit ne, baƙin nan na cikin fensir, an shafa shi a kan fallen jan ƙarfe. Idan ka jona caja, ƙwayoyin litiyam su baro katod, su ratsa ruwan da shamakin, su shige tsakanin shimfiɗun girafayit su zauna. Idan ka cire caja ka fara aiki, su koma inda suka fito, lantarkin da ya tashi a wannan komawar shi ke kunna maka na'ura. Zuwa da dawowa sau ɗaya shi ake kira zagaye ɗaya.

Ana auna yawan wutar da batir ke riƙewa da kilowat-awa, wanda shi ne yunit ɗaya a mitar kati. Ana kuma duba wat-awa nawa kowane kilo na batir ke ɗauka (wat-awa dubu ne kilowat-awa ɗaya). Batirin dalma, irin na mota, wanda Bafaranshe Gaston Planté ya ƙirƙiro tun 1859, yana ɗaukar wajen 30 zuwa 40. Na litiyam mai kyau yana kai 250 zuwa 300. Fetur kuwa yana da kusan 12,000 a kilo, ko da yake inji yana zubar da mafi yawansa a matsayin zafi.

Mai saye yana son abu shida a lokaci guda: wuta mai yawa, saurin caji, tsawon rai, aminci daga gobara, araha, da jure zafi da sanyi. Taura biyu ba ta taunuwa, balle shida. Ka kaurara shafen katod don ya ɗauki wuta da yawa, caji ya yi nawa. Ka sirantar da shamaki don a sami fili, haɗarin gobara ya ƙaru. Ka ƙara nikel, ƙarfi ya hau, jure zafi ya sauka. Ka matsa wa caji lamba, litiyam ya kasa shiga girafayit a kan kari, ya taru a waje ya fara tsiro da tsini wanda zai iya huda shamaki. Labarin da ka gani a Facebook kusan kullum a kan ɗaya daga cikin shidan nan yake magana. Sauran biyar ɗin suna can cikin takardar binciken, inda mai rubuta kanun labari bai kai ba.

Wani abin da ke ruɗa mu shi ne sabo da kwamfuta, wadda ƙarfinta ya yi ta ninkawa kusan duk shekara biyu saboda ana ƙanƙantar da kayan cikinta. A batir babu wannan hanya. Kowane ɗigon wuta sai an sami ainihin ƙwayar sinadarin da za ta riƙe shi, kuma ƙwayar litiyam ba ta ƙanƙancewa.

## Me ya sa ba aikin gwani ɗaya ba ne

Tarihin batirin da ke aljihunka ya isa hujja. A shekarun 1970, Stanley Whittingham yana aiki da kamfanin mai na Exxon ya haɗa batirin litiyam mai caji na farko, amma da tsuran ƙarfen litiyam, kuma yana kama wuta. A 1980, John Goodenough da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford suka gano katod mai kobalt wanda ya kai batir wajen bolt huɗu. A daidai wannan lokaci wani ɗan Maroko, Rachid Yazami, ya nuna a Faransa cewa litiyam na iya shiga girafayit ya fita. A 1985, Akira Yoshino na kamfanin Asahi Kasei a Japan ya haɗa katod ɗin Goodenough da anod na gawayin mai, aka rabu da tsuran litiyam mai haɗari. Sai a 1991 Sony ya fitar da shi kasuwa. Kusan shekara ashirin ke nan, a nahiyoyi uku, kowa ya ɗora a inda wani ya tsaya. Da aka zo ba da kyautar Nobel a 2019, mutum uku aka raba wa, Whittingham da Goodenough da Yoshino, Goodenough yana da shekara 97.

Tunanin da ya haifi JCESR shi ne: maimakon a jira shekara ashirin kafin waɗannan mutane su ci karo da aikin juna, a tara su tun farko. Mai ilimin sinadarai ya haɗa sabon gari ko sabon ruwa. Masanin fiziks ya leƙa cikin batir yana tsakiyar aiki. A Argonne akwai wani zobe mai kewayen sama da kilomita ɗaya da ke samar da haske mai ratsa ƙarfe, da shi ake ganin yadda katod ke kumbura yana tsagewa yayin caji. Masu kwamfuta, irin su Kristin Persson a Berkeley ta jihar Kalifoniya, su tantance dubban sinadarai ta lissafi tun kafin wani ya wanke kwalba, su ce wa masu ɗakin gwaji ga 'yan kaɗan da suka cancanci wahalarku. Injiniyan kayan aiki ya duba ko garin zai shafu a kan falle ba tare da ya ɓare ba. Injiniyan lantarki ya tsara ƙwaƙwalwar da ke lura da caji. Sai mai lissafin kuɗi, wanda za mu dawo kansa.

Tara su a suna abu ne mai sauƙi, sa su yi aiki tare shi ne jidali. Malamin jami'a da takardun da ya wallafa ake ƙara masa girma, saboda haka sabon abu mai ban mamaki yake so. Injiniyan kamfani abin da zai fito iri ɗaya sau miliyan yake so, ko da babu wani abin mamaki a cikinsa. Ɗalibin digiri na uku yana da shekarunsa ƙidayayyu. Dabarar da JCESR ta ɗauka ita ce yanka aiki gajere-gajere: a ɗauki tambaya guda, a haɗa mutane kaɗan daga fannoni daban-daban, a ba su 'yan watanni su kawo amsa, eh ko a'a, sannan a watse a sake haɗa wasu.

Abin da ke faruwa idan fanni ɗaya ya yi sake, duniya ta gani. A 2016 Samsung ya janye wayar Galaxy Note 7 bayan ta yi ta kamawa da wuta. Sinadaran ba su da laifi. Binciken kamfanin ya nuna a wasu batiran kusurwa ce ta matse fallayen ciki, a wasu kuma tsinin walda ne ya huda shamaki. A watan Janairun 2013 kuma an dakatar da tashin jiragen Boeing 787 na tsawon watanni saboda batirinsu.

## Daga girman kwabo zuwa masana'anta

Ga yadda sabon batir ke fara rayuwa. Ɗalibi yana tsaye gaban wani akwati mai fuskar gilashi, ya zura hannuwansa cikin dogayen baƙaƙen safar roba da ke manne a jikin gilashin. Cikin akwatin babu iska irin wadda muke shaƙa, iskar agon ce zalla, domin ƙarfen litiyam na ganin laima ko iska zai dushe ya lalace. Da hantsaki yake jera kayan: ɗan faifan katod, ɗigon ruwa, shamaki, ɗan faifan litiyam, murfi. Ya danne da inji. Abin da ya fito girmansa bai wuce kwabo ba, irin batirin makullin mota. Ya kai shi kanta inda ɗaruruwan irinsa ke maƙale da wayoyi, kwamfuta na yi musu caji tana saukewa dare da rana.

Kashi mafi yawa na labaran "sabon batir" a kan wannan kwabon ake yin su. Kuma kwabon yana da sassauci: shafen katod ɗinsa siriri ne, an tsula masa ruwa fiye da kima, an ba shi litiyam fiye da buƙatarsa, ta yadda ko yana ɓarna ba za a gani da wuri ba. Batirin sayarwa ba shi da wannan gata, domin kowane giram na ƙari nauyi ne kuma kuɗi ne.

A nan akwai wani lissafi da ya kamata kowa ya riƙe. A ce a kowane zagaye kashi 99 cikin ɗari na litiyam ne ke dawowa lafiya, kashi ɗaya ya maƙale. A jarrabawar makaranta wannan maki ne na zakara. A batir kuwa, bayan zagaye 100 abin da zai rage bai kai kashi 37 cikin ɗari ba. Wayar da ake wa caji kullum ta zama gawa cikin wata uku da 'yan kwanaki. Idan an kai 99.9, sai a zagaye na 1,000 za a faɗo wannan matsayi. Kafin batir ya riƙe kusan kashi 80 na ƙarfinsa bayan zagaye 1,000, sai ya kai wajen 99.98. Tsakanin 99 da 99.98 ɗin nan shekarun mutane suke ƙarewa.

Sannan lokaci ba ya sayuwa. Idan awa uku ake caji, awa uku ake saukewa, zagaye huɗu ke nan a yini. Kafin a ga zagaye 2,000 sai an yi kwana 500. Idan a wata na goma aka gano ruwan batirin na da matsala aka canza shi, ƙidaya ta koma farko. Bayan an tsallake wannan sai a koma babban batir, a gwada shi a zafi da sanyi, a soke shi da ƙusa a ga ko zai kama. Sannan a zo masana'anta, inda ake shafa garin a kan falle mai tsawon kilomitoci cikin ɗakunan da aka tsotse wa laima, kuma ƙurar ƙarfe guda da ido ba ya gani tana iya zama sanadin gobara bayan shekara biyu. Kamfanin Northvolt na Suwidin ya tara biliyoyin daloli, da sinadaran da kowa ya riga ya sani, amma fitar da batir mai kyau da yawa ya gagare shi. A watan Maris na 2025 ya durƙushe.

## Mutumin da aikinsa shi ne ya ce a'a

A ganina, abu mafi daraja da ayarin Argonne ya yi shi ne zaunar da mai lissafi a teburi ɗaya da masu gwaji tun ranar farko. Aikinsa shi ne ya ɗauki sakamakon kwabo ya tambaya: idan aka mayar da wannan cikakken batirin mota, da gwangwaninsa da wayoyinsa da na'urar sanyaya shi, kilo nawa zai yi, kuma dala nawa kowane yunit zai ci?

Wanda ya fara faɗuwa a wannan jarrabawa shi ne batirin litiyam da iska, wanda a lokacin ake yi wa kirari da cewa a takarda ya kusa kamo fetur. Kevin Gallagher na Argonne da abokan aikinsa suka yi lissafin suka wallafa a 2014. Batirin ba ya son laima, ba ya son wasu abubuwan da ke cikin iskar gari, saboda haka ko dai mota ta ɗauki na'urar tace iska ko ta ɗauki tukunyar iskar oksijin. Da aka haɗa nauyi da kuɗin waɗannan, fifikon da ake taƙama da shi ya zaizaye. Ayarin ya janye hannu daga wannan layi ya mayar da ƙarfinsa wasu wurare. Irin wannan hukunci ba ya shiga kanun labarai, amma ya tsare kuɗi da shekarun matasan masana da dama.

Sauran layukan kowanne da tasa ƙayar. Farar wuta tana da arha, matatun mai ma neman inda za su kai ta suke yi, kuma a takarda tana riƙe wuta ninki da yawa fiye da katod na yau. Amma tana narkewa cikin ruwan batir ta yi ƙaura zuwa ɗaya ɓangaren, batir ya yi ta ramewa. Maganiziyam kowace ƙwayarsa tana ɗaukar caji biyu inda litiyam ke ɗaukar ɗaya. Amma wannan ƙarfin ne ke sa ta manne a cikin katod ta ƙi motsi. Tsuran ƙarfen litiyam a matsayin anod ya ninka girafayit kusan sau goma. Amma matsalar tsiron nan mai huda shamaki, wadda ta addabi Whittingham, ba ta gama warwaruwa ba.

## Riba aka ci ko asara?

Masu suka suna da hujja mai ƙarfi. An yi alkawari da lambobi, ba a cika ba. Kuma yayin da ake neman magajin batirin litiyam, shi wanda ake shirin gada ɗin bai tsaya ba. Ƙididdigar kamfanin nazarin kasuwar makamashi na BloombergNEF ta nuna farashin kowane kilowat-awa ya sauko daga sama da dala 1,000 a 2010 zuwa dala 115 a 2024. Wato rabin alkawarin, na araha, ya cika, amma masana'antun Sin da Koriya ta Kudu da Japan ne suka cika shi ta hanyar yawan ƙerawa da ƙananan gyare-gyare na shekara da shekaru. Duk sabon batirin da zai shigo yanzu da wannan farashi zai yi takara, ba da na 2012 ba.

Masu kare ayarin kuma suna cewa ba a auna bincike irin wannan da abin da ke kan kanta bayan shekara biyar. Sun bar tarin ilimi a buɗe ga kowa, sun horar da matasa da yawa da suka bazu cikin kamfanoni, kuma kamfanoni sun tsiro daga aikin. Fitacce a ciki shi ne Form Energy, wanda aka kafa a 2017. Ɗaya daga cikin masu shi, Farfesa Yet-Ming Chiang na jami'ar MIT, da tallafin JCESR ya yi binciken batiri mai arha na ajiye wutar gari. Batirin da kamfanin ya ƙare a kai da baƙin ƙarfe da iska da ruwa yake aiki: ƙarfe ya yi tsatsa ya saki wuta, a yi caji tsatsar ta koma ƙarfe. Yana da nauyin da ba zai taɓa shiga waya ko mota ba, amma an tsara shi ya ba da wuta har awa 100, kuma sun gina masana'anta a Weirton, wani tsohon garin ƙarafa a Amurka. Gwamnatin Amurka ma ba ta ga asara ba, domin a watan Satumban 2024 ta ware dala miliyan 125 ga sababbin ayari biyu, ɗaya a Argonne ƙarƙashin Shirley Meng, ɗaya a Jami'ar Stanford mai neman batirin da ruwansa ruwa ne na gaske wanda ba ya cin wuta.

Ni dai ina ganin laifinsu a bakin ne. Biyar-biyar-biyar taken neman kuɗi ne daga 'yan siyasa, kuma irin wannan take shi ke koya wa jama'a jiran mu'ujiza, idan ba ta zo ba su ce an yaudare su. Aikin kansa ya yi kyau.

Zancen ɓoye fasaha kuwa, tarihi akasinsa ya nuna. Katod ɗin baƙin ƙarfe da fosfet, wanda ake rubuta wa LFP, a Jami'ar Texas ayarin Goodenough ya bayyana shi a 1997. Kamfanin Amurka A123, wanda shi ma Chiang na cikin waɗanda suka kafa shi, ya yi ƙoƙarin cin kasuwa da shi, ya karye a watan Oktoban 2012, kamfanin Wanxiang na Sin ya saye shi. Yau kamfanonin CATL da BYD na Sin ne ke ƙera mafi yawan irin wannan batir. Wanda ya kasa fitar da fasaha da arha, wani ne ke ɗauka ya fitar. Kamfanin da ke da batir ninki biyar a ɓoye, da ya fito da shi ya kashe kasuwar abokan takararsa cikin shekara guda.

## Ina ruwan mai sola da mai haƙar ma'adini?

Batirin da ake sayarwa yau a shagunan sola na Kano da Kaduna da Maraɗi mai rubutun LiFePO4 a jikinsa, shi ne wancan na Texas na 1997. Sama da shekara ashirin ya yi a hanya kafin ya iso da farashin da ɗan kasuwa zai iya tunkara. Saboda haka wanda ke jinkirta sayen batir yana jiran wanda ya gani a labari, zai daɗe yana zuba wa janareta mai. Abin da ya fi dacewa a sa rai shi ne na yanzu ya ci gaba da sauƙi a kasuwar duniya, ko da canjin dala zai cinye wani ɓangare na sauƙin kafin ya iso mana.

Wajen saye, a riƙa kwatanta abin da za a iya sha, ba lambar da ke jikin kwali kaɗai ba. Batirin dalma ba a son a sha fiye da rabinsa, in ba haka ba ya mutu da wuri. LFP ana shan kashi 80 ko fiye, kuma zagayensa dubbai ne. Sai dai kyawunsa ya dogara ga abu biyu da ido ba ya gani daga waje: ingancin ƙwayoyin batirin da ke ciki, ko sababbi ne ko tsofaffi aka sake wa riga, da kuma allon nan mai lura da caji da ake kira BMS. Batirin litiyam marar wannan allo, ko mai na bogi, haɗari ne a cikin gida.

Sai zafi. Alkawuran tsawon rai da ke takardun kamfanoni galibi a ma'aunin zafi 25 aka gwada su. A Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, a watan Afrilu ana haura 40 a inuwa, ɗakin kwano kuwa ya fi haka. Ƙa'idar da masu batirin dalma suka daɗe da sani ita ce duk ƙarin zafi na wajen digiri 8 zuwa 10 yana raba ransa biyu, kuma na litiyam ma zafi na tsufar da shi. Inda aka ajiye batir, ko akwai iska ko babu, yana iya zama bambancin shekaru.

Ga masu murnar litiyam da ake haƙa a Nasarawa da wasu jihohi, inda har aka buɗe masana'antar sarrafa shi a watan Mayun 2024, akwai abin lura. Dutsen da aka niƙa aka tace, sinadarin litiyam da ke cikinsa bai wuce wajen kashi shida cikin ɗari ba. Wanda ake zubawa a batir sai tsarkinsa ya kai 99.5, daga nan a mayar da shi garin katod, sannan a ƙera batir, kuma mafi yawan ribar tana waɗannan matakai na gaba, waɗanda Sin ta mamaye. Kwango tana ba duniya kusan kashi 70 na kobalt, amma ba a san ta da ƙera batir ba. Zimbabuwe ta hana fitar da ɗanyen dutsen litiyam a ƙarshen 2022 saboda wannan dalili. Kuma ayarin masana irin na Argonne, wani ɓangare na aikinsu shi ne neman yadda za a rabu da duk ma'adinin da ya yi tsada: LFP ya riga ya rage wa kobalt kasuwa, CATL ya fara fitar da batirin sodiyam wanda ba ya buƙatar litiyam, farashin litiyam ɗin kansa, zuwa 2024, ya faɗi da fiye da kashi 80 cikin ɗari daga ƙololuwar da ya kai a ƙarshen 2022.

Jami'o'inmu ba su da zoben haske na kilomita guda, kuma ba sai sun yi takara da Argonne wajen neman sabon sinadari ba. Amma akwai tambayar da ta fi kusa da mu fiye da kowa: a cikin batiran da ke kasuwanninmu, wanne ne ke cika alkawarinsa a zafin digiri 45, da ƙurar hunturu, da wutar da ke zuwa tana ɗaukewa? Amsa ta na buƙatar ɗakin da ake iya saita zafinsa, da na'urorin caji masu ƙidaya, da shekara biyu na haƙuri. Tana kuma buƙatar malamin sinadarai da injiniyan lantarki da mai lissafin kuɗi su zauna da masu haɗa sola na kasuwa, waɗanda su ne ke buɗe matattun batira suna ganin abin da ya kashe su. Wuri kamar cibiyar binciken makamashi da ke Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato yana da rana da zafin da ake buƙata a ƙofar gida, kuma sakamakon irin wannan gwaji, in aka wallafa shi da sunan kowane samfuri, zai amfani duk mai shirin kashe kuɗin shekararsa a kan batir.